Wa Zai Reni 'Yar Mai Reno?

Zuwa ga Mai Girma Shugaba da sauran membobin kwamitin da jama'armu ta ɗora wa tsara ƙa'idojin gidajen renon yara na Hayyin Ashir, birnin Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, da fatan zafin garin nan bai gallabe ku kamar yadda ya gallabe ni ba. Ina yi wa Shugaba, Ustaz Bashir, gaisuwa ta musamman. Ya san ni, na san shi. Ni na tarbe shi a filin jirgi shekarar da ya zo karatu, akwatinsa ɗaure da igiya, robar yaji a hannu, yana tambayata ina alƙibla. Yau Allah ya ɗaukaka shi har ni nake rubuta masa Mai Girma, kuma da zuciya ɗaya nake rubutawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Malam Haruna Tafinta. Karatu ya kawo ni Masar tun ina da baƙin gashi, karatun ya ƙare ni ban ƙare ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina raka marasa lafiyarmu da ke zuwa daga gida wajen likitocin unguwar Mohandessin, ina faɗa wa likita inda ke ciwo, ina faɗa wa majiyyaci abin da likita ya ce, wani lokacin in rage masa ɗacin maganar. Sau biyu na zo ofishinku kan wannan batu. Zuwan farko aka ce kuna taro. Zuwa na biyu aka ce in rubuto. To ga shi na rubuto, kuma na sa a zauren WhatsApp na jama'a, domin maganar ba ta gidana kaɗai ba ce. Ku yi haƙuri da tsawonta. Kakata ta rene ni da tatsuniya, kuma ba ta taɓa fara labari daga wutsiya ba.

Na ɗaya, abin da ya kawo ni.

Na ji cewa ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, matan da ke da gidajen renon nan uku na jama'armu, waɗanda muke kira hadana, za su sa hannu a kan daftarin ƙa'idojin da kuka tsara. An karanta mini shi daga farko har ƙarshe. Akwai abubuwa masu kyau a ciki, na tsafta, da na abinci, da na wanda zai zo ɗaukar yaro. Allah ya saka muku. Amma sashe na bakwai ya ce ba a yarda ma'aikaciya ta kawo ɗanta ko 'yarta hadanar da take aiki ba, ko da za ta biya. Dalilin da aka bayar shi ne uwa za ta fifita nata a kan 'ya'yan mutane. Dama can ana bin wannan ƙa'ida da baki, bisa alkawarin da masu gidajen suka yi a tsakaninsu. Yanzu kuma za a sa ta a takarda. Abin da ke baki ana iya lallashinsa. Wanda ya hau takarda, ko wanda ya rubuta shi tsoronsa yake ji.

An ce mini daga manyan hadanonin Mohandessin aka kwafo sashen. Na san unguwar fiye da yadda na san garin da aka haife ni. Ba abin da zan ce a kan tsarinsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai rigar da aka ɗinka wa wani, in za ka sa, ka fara duba tsawon hannunka.

Na biyu, halin da gidana yake ciki.

Ina da 'ya, Hindatu, autata ce, shi ya sa kuka ga sunanta a takardar nan. Shekara huɗu ke nan tana aikin dada, wato mai kula da ƙananan yara, a hadanar Hajiya Asabe. Tana fita ƙarfe bakwai na safe, ba ta dawowa sai bayan la'asar, daga Lahadi zuwa Alhamis. Mijinta ya koma gida neman aiki da gyaran takardu, har yau dawowar ba ta yiwu ba. Uwarta, maiɗakina, Allah ya yi mata rasuwa bara waccan. Hindatu tana da 'ya guda, Safiyya, shekararta biyu da rabi. Ni amarya nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsohon miji mara haƙori. Hadanar da ba ta jama'armu ba, ko mafi arha a unguwar nan, kuɗinta ya kusa haɗiye albashin uwar gaba ɗaya. Sauran biyun namu kuwa a cike suke, sunan yarinyar yana jerin masu jira tun kafin a yaye ta. Saboda haka mai renon 'yar mai reno shi ne ni.

Ba aikin nake raina ba. Na iya dama kunu, na iya wanke kashi, abin da ban yi wa 'ya'yana ba ga shi ina yi wa jika, kuma na san wani wuri uwarsu tana dariya. Matsalar idona ne. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagu kuma kamar mai leƙen duniya ta cikin ruwan koko. Ni da na kai ɗaruruwan mutane wajen likitan ido, yau takardar nan ma da alƙalami mai kaurin baki nake rubuta ta, layi shida a shafi, matar maƙwabcina ta kwafe a waya. Muna zaune a hawa na shida, ba asansir, wato na'urar hawa bene, sai ƙafa. Akwai baranda, akwai tukunyar gas, akwai yarinya mai ƙafa kamar ta ɗan akuya.

Da na ga ido ba zai tsare ta ba, sai na nemi dabara. Na ɗauko ɗankwalaye biyu na marigayiya, na ƙulla su, na ɗaura baki ɗaya a idon sawuna, ɗaya a nata. Na auna tsawon da kyau: yana kai ta bakin banɗaki da wajen kayan wasanta, ba ya kai ta baranda, ba ya kai ta kicin. In ta motsa ina ji, in ta tsaya ina ji. In zan yi salla sai in mai da nawa bakin ƙafar gado. Haka muke yini, ango da amarya, ƙafa da ƙafa. Wanda ya ji zai yi dariya, ni ma na yi a ranar farko.

Na uku, abin da ya faru ranar Laraba, mako uku da suka wuce.

Bayan azahar na kishingiɗa a kan kujera. Ban yi niyyar barci ba, amma tsoho da barcin rana sai a hankali. Ina jin ɗankwalin a miƙe, da nauyinsa, hankalina kwance. Abin da ya tashe ni ihun matar mai gadin gida ne daga ƙasa, tana kiran sunana tana salati. Na ja ɗankwali, ya ƙi zuwa. Na bi shi da lalube, na tarar bakinsa ya sarƙe a ƙafar tebur, yarinya ta zare ƙafarta ta fita. Ban san yadda na isa baranda ba. Abin da na gani shi ne wani abu ja-ja a sama da inda ya kamata ya kasance. Rigarta ce. Ta jawo bokitin wanki, ta kife shi, ta hau, ƙirjinta a kan ƙarfe, tana miƙa wa tattabarun maƙwabta burodi.

Na kama ta. Allah ne ya kama ta, hannuna kawai ya ara. Ta juyo tana yi mini faɗa wai na kore mata tsuntsaye. Na zauna a ƙasa a wurin, ina riƙe da ita har aka kira la'asar. Tun daga ranar na sa an kulle ƙofar baranda da kwaɗo, muna dahuwa a cikin ɗaki kamar wainar da aka manta a tanda. Amma ba a sa wa tukunyar gas kwaɗo, ba a sa wa wayar wuta, ba a sa wa kwalaben maganina. Kuma yarinyar da ta gano ana zare ƙafa ba za ta manta ba.

Na huɗu, laifin da Hindatu ta yi, domin ba zan ɓoye shi ba.

Jinina ya hau bayan wannan abu, na kwanta. Ranar Lahadi Hindatu ta goya 'yarta ta tafi da ita wurin aiki. Hajiya Asabe ta yi tafiya a makon, ta bar wa sabuwar mai duba aiki gidan, wata Bamisriya mai kirki da ƙwazo da ba ta daɗe da kamawa ba. Ta ga baƙuwar fuska a cikin yara, ta ɗauka sabuwar shiga ce da Hajiya ta karɓa kafin ta tafi. Hindatu ba ta gyara mata ba. Wannan shi ne laifinta, kuma na faɗa mata laifi ne.

Ga abin da nake so kwamiti ya saurara da kunne biyu. Safiyya 'yar fari ce. Hindatu, duk da a Alƙahira aka haife ta, tarbiyyar uwarta ta sha, ta mutanen da. Tun da ta haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinta ba. Ke ce, ko yarinyar nan, ko jikar Malam. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa in da wani a wurin, in yarinyar ta faɗi a gabana sai ta kau da kai ta jira in ɗaga ta. Duk wanda ke cikinku ya san wannan kunya, da yawanku da ita aka rene ku. Ustaz Bashir, na san kai ɗan fari ne. Ka tuna ko sau nawa mahaifiyarka ta kira sunanka da ranar Allah.

To kwana biyar mai duba aiki tana lura. Ta ga dada Hind, kamar yadda take kiran Hindatu, tana share hancin kowane yaro, tana ba kowa abinci a baki, tana rarrashin mai kuka, tana goya mai zazzaɓi. Amma akwai yarinya guda da take wucewa kamar ba ta gan ta ba. In ana rabon madara ita ce ta ƙarshe. In ta yi kuka, Hindatu sai ta sami aiki a wancan lungun. Batula, wata Bahaushiyar Sudan da suke aiki tare, ita ta gane kan zancen, ita ke ɗaukar yarinyar ba tare da ta ce uffan ba. Ranar Alhamis da Hajiya ta dawo, mai duba aiki ta tare ta da ƙara, ranta a ɓace, ta ce akwai ma'aikaciyar da ta tsani wata baiwar Allah ba gaira ba dalili, in iyayen yarinyar suka ji, sunan gidan ya ɓaci. Aka kawo yarinya, aka kawo Hindatu. Hajiya ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ita kuwa Bamisriyar da aka ce mata ai uwar ke nan, cewa ta yi la ilaha illallah, wace irin uwa ce wannan?

Da dariya ta ƙare sai ƙa'ida ta dawo. Hajiya ta kira ni a waya, ta gaishe ni da jiki, ta ce, ma'alish Malam, ka yi haƙuri, hannuna a ɗaure yake, mun yi alkawari da sauran, in na buɗe wa ɗaya ƙofa gobe a ce na karya magana. Aka ba Hindatu gargaɗi, aka ce in ta sake, khalas, aiki ya ƙare. Ban zargi Hajiya ba, ta yi wa 'yata alheri da yawa. Amma ku duba lamarin nan da kyau, ya ku malamai. An kafa doka don tsoron kada uwa ta fifita 'yarta. Mace guda da ta karya dokar, ƙarar da aka kai a kanta ita ce ta yi watsi da 'yar. Da a tatsuniya na ji wannan, da na ce kakata ta ƙara gishiri.

Na biyar, abin da za a ce mini, domin na san za a ce.

Za a ce ba kowace uwa ce Hindatu ba. Gaskiya ne. Ina ganin matan ɗalibanmu na yanzu suna sumbatar 'ya'yan farinsu a cikin mikrobas, motar haya, suna kiransu habibi, kuma ban ga aibu a ciki ba, zamani riga ne. Akwai uwar da in ɗanta ya yi kuka za ta ajiye na wani ta ruga. Amma wannan ciwo mun daɗe da sanin maganinsa. A gidan da na tashi, ba uwa ke riƙon ɗanta ba, a ba gwaggo, a ba inna, a ba matar baffa, kowa yana gida ɗaya, kowa ya san nasa yana hannu nagari. Abin da Batula ta yi ke nan ba tare da kowa ya rubuta mata sashe ba. Hadanar Hajiya tana da ɗakuna uku. In uwa tana wannan, a sa ɗanta a wancan. Ina wahalar?

Za a ce iyaye masu biyan kuɗi za su yi ƙorafi. Ni ina ganin da za a tambaye su, da sun fi son a bar 'ya'yansu a hannun matar da hankalinta ke jikinta. Tun ranar barandar nan Hindatu tana kirana sau goma kafin azahar. Ba ta tambayar yarinyar, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta ce, Baba, ya gidan? In ce lafiya. Ta ƙi kashe wayar. In ce tana nan tana cin burodi. Sannan ta kashe. Matar da ke riƙe da jaririn wani a hannu ɗaya, waya a ɗayan, zuciyarta a hawa na shida, ita ce kuke ganin ta fi zama amana?

Za a ce kuma doka ba ta tilasta muku ba. Wannan ma gaskiya ne. Iya fahimtata, dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ɗora wa manyan ma'aikatu masu mata da yawa su tanadar wa 'ya'yan ma'aikatansu wurin reno. Hadana mai ma'aikata shida ba ta kai wannan adadi ba, balle mu da muke baƙi. Wato mai aiki a masaƙa doka ta tuna da ɗanta, mai renon ɗan kuwa nata ya faɗa ta ramin raga. Ɗalibai masu bin labaran duniya sun ce mini a wasu ƙasashe 'yan majalisa sun fara duba wannan rami, suna ware wa 'ya'yan masu reno gurbi, saboda sun ga matan suna barin aikin. Ban je ba, ban gani ba. Mu ba mu da majalisa a nan, ku ne majalisarmu. Inda dokar ƙasa ta yi shiru ba ta hana ku yin alheri ba.

Kuma ba Hindatu kaɗai ba ce. Ku tambayi Batula inda take barin ɗanta kowace safiya. Ba zan faɗa a nan ba, sirrinta ne, amma in kun ji ba za ku ci abincin rana da daɗi ba.

Na shida, dalilin gaggawata.

An sa mini aikin ido ranar Litinin mai zuwa, kwana uku bayan sa hannunku. Sau biyu ina ɗagawa saboda yarinyar nan. Likitan, wanda na kai wa majiyyata tun yana sabon likita, ya ce mini, ya Hajj, yanar tana ƙara tauri, in ka sake ɗagawa kada ka zo kana yi mini fassara. Ya ce bayan aiki zan yi makonni ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi. Amaryata kuwa duk rayuwarta a ƙasa take, kuma ba ta da sauƙin ɗauka. In sashe na bakwai ya tsaya yadda yake, hanya biyu ce a gabanmu. Ko Hindatu ta ajiye aikin da muke ci da shi mu uku, ko in ɗaga aikin ido karo na uku in ci gaba da tsaron yarinya da ɗankwali har ranar da na hagun ma zai rufe. Na san wadda zan zaɓa, domin ba zan bari 'yata ta zauna ba abinci ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ba makanta nake tsoro ba, na ga makafi da yawa sun yi rayuwa mai kyau. Tsorona ranar da zan ja ɗankwali in ji ba nauyi, kuma matar mai gadi ba ta ɗaga kai sama ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

A cire sashe na bakwai, a maye shi da wanda ya ba kowace ma'aikaciya gurbin yaro guda a hadanar da take aiki, bisa ragin da ku da masu gidajen kuka ga ya dace, da sharaɗin kada yaron ya zauna a ɗakin da uwarsa take.

In masu gidajen sun ga wannan ya yi musu nauyi, to a yi musaya a tsakanin gidajen uku, ɗan ma'aikaciyar nan ya je can, na can ya zo nan, kuma a sa su a gaban jerin masu jira.

In duka biyun suna buƙatar dogon nazari, to kada a sa hannu a kan sashen ranar Juma'a. A bar shi a buɗe, a kira matan da ke aikin a ji ta bakinsu, domin cikin duk waɗanda suka zauna tsara daftarin nan ba a gayyaci dada ko guda ba. Kafin nan a sake wa Hajiya Asabe hannu ta karɓi Safiyya na wata biyu, har idona ya warke. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A kuma janye gargaɗin da aka ba Hindatu. Ta yi kuskure, amma wanda ya ga bokitin nan a kife a baranda ba zai yi mata hukunci da sauri ba.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan zo masallaci, zan tsaya a bakin ƙofar ɗakin taronku. Zan zo da yarinyar. Kada wani ya ɗauka zanga-zanga ce, ranar uwarta tana zuwa wankin hadana da share-share, ba inda zan bar ta. In kun ga tsoho da 'yar yarinya ɗaure ƙafa da ƙafa da ɗankwali mai ruwan goro, mu ne. Ku fito ku gaya mini abin da kuka yanke, ko mai daɗi ko mara daɗi, domin da safiyar Asabar zan kira likita in ce masa ina zuwa ko ba na zuwa. Ustaz Bashir, ni ba zan gane fuskarka daga nesa ba, sai ka yi mini sallama.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku yanke abin da za ku yi farin cikin gani a ranar da ba kwamiti. Allah ya raya muku zuriya, ya tsare su daga hawa da gangara, ya ba su masu kula da su a inda idonku bai kai ba. Allah ya bar mu da ganinmu da hankalinmu har ƙarshen kwananmu. In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a yafe wa tsoho.

Wassalam.

Naku,
Malam Haruna Tafinta,
kakan Safiyya,
Hayyin Ashir, Alƙahira.